Oregano Mai Yaji a Lambun Bayan Gida: Wata 19 Kafin a Kai ga Girbin Kirki

## Lambun da mai shi

Matar da wannan nazari ya bi sawunta ba baƙuwar lambu ba ce. Ta haura shekara goma tana shuka latas, kabeji da seleri a wani ɗan fili da ke bayan gidanta, mita 4 a tsawo, mita 3 a faɗi. Ƙasar wurin yumɓu ce mai nauyi, irin wadda in ta sha ruwa take kama ƙafa, in ta bushe kuma ta tsattsage. Shekara da shekaru tana zuba mata ruɓaɓɓen taki, har ta yi baƙi ta yi laushi. Ginin gidan ya tare ranar safe, doguwar katanga ta tare ta yamma, don haka fangalin ba ya samun rana kai tsaye sai ta wajen awa huɗu, daga hantsi zuwa bayan azahar kaɗan. Kayan ganye sun ji daɗin wannan hali sosai. Kullum da yamma takan yi ban-ruwa, ba fashi.

Abin da ya ja hankalinta ga oregano, wani tsiron ƙamshi da ake sa ganyensa a abinci, ganye ɗaya ne da aka taɓa tsinko mata a wani lambu ta tauna. Ɗan ƙarami ne mai gashi-gashi, amma ya ɗumama mata harshe, ya bar shi da ɗan raɗaɗi kamar an goga masa barkono, ƙamshinsa kuma ya daɗe a yatsunta. Shi take so ta samu a gidanta, ɗanye da busasshe.

Tana rubuta duk abin da ta yi a lambu a wani ɗan littafi, kuma daga cikinsa na ɗauko lokuta da ma'aunan da ke cikin wannan bayani. Na ƙirga watannin daga ranar da ta fara zuba iri, wato ƙarshen lokacin sanyi.

## Wata na 1 zuwa na 5: irin da ke cikin ƙunshi

Ta sayi ƙunshin iri da aka rubuta wa oregano kawai, ba wani ƙarin bayani. Irin ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Zubin farko ta rufe shi da ƙasa mai kaurin santimita ɗaya, yadda ta saba yi wa kabeji, ta jira kwana 20, babu ko tsiro ɗaya. Irin oregano yana bukatar haske kafin ya tsiro, kuma ɗan abincin da ke cikinsa bai isa ya kai shi ya huda ƙasa mai kauri ba. A zubi na biyu sai ta barbaɗa shi a saman ƙasar reno, ta danna da tafin hannu ba tare da ta rufe ba, ta riƙa fesa masa ruwa a hankali, ta ajiye kwanon a bakin taga inda ɗumi ke kaiwa digiri 20. A kwana na 11 ya fara fitowa.

Bayan mako bakwai ta dasa 14 a gefen fangalin latas, tazarar santimita 30 tsakaninsu. Sun kama, sun yi tsayi, sun yi ganye faffaɗa mai laushi. A ido dai babu abin kushewa. A wata na 4 ta tsinki ganye ta tauna, sai ta ji shi lami, ɗan ƙamshin ciyawa kawai da ɗaci-ɗaci. Ta ɗauka ƙuruciya ce, ta ƙara musu lokaci. Da ta ga ba canji, sai ta ɗauka yunwa suke ji, ta shiga narka takin zamani mai yawan naitirojin tana zuba musu duk mako biyu. Suka ƙara tsayi har suka fara kwanciya a ƙasa, ɗanɗanon kuma ya ƙara tsinkewa.

A wata na 5 suka yi fure, ruwan hoda mai sirkin shunayya. Ƙudan zuma suka cika wurin. Ta yanki dami ɗaya ta shanya, ko bushewa za ta fito da yajin. Da ta murza shi bayan mako biyu, ƙamshin busasshiyar ciyawa ne ya tashi. A cikin tsirrai 14, guda biyu ne kaɗai ta rubuta cewa suna da ɗan ƙamshi, su ma ba su kama ƙafar wanda ta taɓa ɗanɗanawa ba.

## Wata na 6: komawa inda aka fara

Ta tsinki reshe mai fure ta koma lambun da ta fara ɗanɗana ganyen. Mai lambun dattijo ne da ya daɗe yana kiwon tsirran ƙamshi. Ta ce masa, "Baba, ga abin da na shuka, na rasa inda na kuskure." Ya dubi furen, ya murza ganyen ya shinshina, ya ce, "'Yata, ba hannunki ba ne. Wannan ko shekara goma za ki yi kina lallashinsa, ba zai yi yaji ba. Dubi furen nawa." Nasa fari ne fat, ganyen ƙanana, masu ɗan toka-toka, gashi ya lulluɓe su har da karan.

Bayanin da ke bayan wannan magana shi ne, sunan oregano ba na shuka ɗaya ba ne, tsirrai da yawa ke amsa shi. Na ainihi shi ne Origanum vulgare, sunan da masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa a 1753, kuma dangin na'a-na'a ne. Amma shi kansa ya kasu gida-gida. Akwai gama-gari mai fure ruwan hoda, wanda ke fitowa da kansa a jeji har arewacin Turai, kuma sau da yawa man da ke ganyensa kaɗan ne. Akwai kuma gidan da ake kira hirtum, wanda aka fi sani da oregano na Girka, mai farin fure da ganye mai gashi. Shi ne mai yajin, kuma daga cikinsa masu renon tsirrai suka zaɓo waɗanda ake sayarwa da sunaye irin su Hot & Spicy da Kaliteri. Ban da waɗannan akwai Origanum onites da aka fi nomawa a Turkiyya, da Origanum syriacum na ƙasashen Sham. Wanda ake kira oregano na Meziko kuwa, Lippia graveolens, ko dangi ba su haɗa ba, ƙamshi ne kawai ya zo ɗaya.

Akwai kuma matsala ta biyu game da iri. Ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan gida zuwa wancan, su haɗa aure tsakaninsu, don haka ko irin da aka tara daga uwa mai yaji yana iya haifar da 'ya'ya masu bambancin ɗanɗano. Reshe ko ɓangaren saiwa kuwa jikin uwar ne da kansa, duk abin da take da shi yana da shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a oregano sai ta hanyar reshe wannan magana ke tabbata.

Dattijon ya tsaga mata gindi biyu masu saiwa daga babbar shukarsa. Ya ce ta sa musu rana, kada kuma ta cika musu ruwa. Ta rubuta maganar a littafinta. Da ta koma gida ta tuge na farkon duka, ta bar biyu a can ƙarshen fili saboda ƙudan zuma.

## Wata na 7 da na 8: ruɓewa

Ta dasa sababbin a gurbin tsofaffin, cikin fangalin latas, a wurin da ya fi ko'ina taki. A ganinta ta rage ruwa, domin gwangwani ɗaya take ba su maimakon biyu. Amma kullum ne, kuma ruwan da take yi wa latas yana gangarowa gindinsu.

Makonni uku na farko sun yi kyau, har da sabon toho. Sai aka shiga ruwan sama na kwana 12, kusan ba tsayawa. Da aka ɗauke ruwan rana ta fito, ta tarar da guda ɗaya ya yi yaushi, kawunan rassansa sun sunkuya. Abin da ta sani daga latas shi ne, yaushi ƙishirwa ce, don haka ta ƙara masa ruwa. Bayan kwana huɗu ganyen ƙasa ya yi rawaya ya soma zuba, gindin karan ya yi baƙi ya yi laushi. A kwana na tara ya mutu. Da ta ja shi sai ya fito ba wuya, saiwar ta koma ruwan ƙasa, tana saɓulewa a yatsa, tana warin ruɓa.

Nan ne wurin da ya fi rikita masu lambu, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Saiwa tana numfashi. Iskar da take shaƙa tana cikin ƴan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma a yumɓu ramukan ƙanana ne, in ruwa ya cika su yakan daɗe bai fita ba. Saiwar da ta kwana biyu ba iska takan raunana, sai ƙwayoyin cutar da ke rayuwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin su Pythium da Phytophthora, su samu ƙofa. Da saiwa ta ruɓe ba ta iya jan ruwa zuwa sama, sai ganye ya yi yaushi alhali gindin yana cikin taɓo. Alamar a ido iri ɗaya ce da ta ƙishirwa, maganin kuwa kishiyar juna ne. Yatsa ɗaya da aka cusa cikin ƙasa ya isa ya raba gardamar. Ita kuma shukar asalinta gangaren duwatsu ne na ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, inda ƙasa ke cike da tsakuwa, ruwa ba ya kwana, rani kuma dogo ne mai zafi. Duk jikinta an gina shi ne don jure fari, ba don jure taɓo ba.

Da na biyun ya fara nuna alamar, ba ta jira ba. Ta tono shi ta ga fiye da rabin saiwar ya tafi. Maimakon ta yi ta fama da gindin, sai ta yanko rassa tara daga sama, waɗanda ba su yi yaushi ba, kowane santimita 8 zuwa 10, tana yankawa daf da ƙasan gaɓa. Ta fige ganyen rabin ƙasa, ta soke su a kwano mai huji da ta cika da yashi da ɗan ƙasar reno, rabi da rabi, ta ajiye a wuri mai haske amma ba rana kai tsaye ba. A mako na uku ta ja su a hankali, biyar suka riƙe. Huɗu sun yi baƙi. Uwar kuwa ba ta tashi ba.

## Wata na 9 zuwa na 12: tukwane

Ta yanke shawarar ba za ta sake mayar da su fangali ba. Ta dasa biyar ɗin a tukwanen roba, ta shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 5 a ƙasan kowace, domin ta sha jin ana cewa hakan na sa ruwa ya wuce. A samanta ta zuba ƙasar lambunta, ta sa faranti a ƙarƙashi don kada ruwa ya ɓata daɓe.

Sanyi ya shigo, tsirran suka tsaya da girma, shan ruwansu ya ragu. A wata na 10 biyu suka fara rawaya. Wannan karon ta cusa yatsa kafin ta ɗauko gwangwani, ta ji ƙasar sharkaf, alhali kwana biyar rabonta da ruwa. Ta juye tukunya ɗaya ta ga ƙasar da ke daf da saman tsakuwar ita ta fi ko'ina jiƙa. Haka ruwa yake: ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika maƙil, don haka tsakuwar ba ta kore shi ba, ta ɗago shi ne kusa da saiwa. Farantin kuma ya hana ɗan abin da ya fita tafiya.

Ta sake dashe. Ta samo tukwanen ƙasa marasa fenti masu faɗin santimita 30, kowace da huji babba, waɗanda jikinsu ke fitar da danshi. Ta haɗa kashi biyu na ƙasar tukunya mai sauƙi, kashi ɗaya yashi mai gautsi, kashi ɗaya ƙananan tsakuwa, ta cuɗa su wuri ɗaya daga sama har ƙasa. Ta cire farantan, ta ɗora tukwanen a kan bulo. Ta kuma kafa wa kanta doka: ba ruwa sai santimita 3 zuwa 4 na sama sun bushe, in kuma za ta ba su, ta ba su har ya fito ta hujin. A cikin sanyin nan hakan ya kama sau ɗaya a kwana 10 ko 12. Guda ɗaya ya mutu, huɗu suka tsallake.

## Wata na 13 zuwa na 16: rana, taki da gizo-gizo

Da ɗumi ya dawo suka yi toho, amma dogaye, sirara, gaɓoɓinsu nesa da juna, duk sun karkata gefe ɗaya. Ganyen yana da yaji, ta tabbatar jinin na gaskiya ne, sai dai bai kai na dattijon ba. Wata rana ta zauna gida tun safe tana rubuta lokacin da rana ta sauka da lokacin da ta bar kowane lungu na gidan. Inda tukwanen suke, awa huɗu. A wani dandamalin siminti da ke gefen gidan, wanda ba ta taɓa ɗaukarsa wurin shuka ba saboda zafinsa, awa bakwai da rabi. Oregano na bukatar aƙalla awa shida. Ta mayar da su can a hankali cikin mako guda, tana ƙara musu awannin rana kullum don kada ganyen da ya saba da inuwa ya ƙone.

Cikin wata ɗaya kamanninsu ya sauya. Sabon ganye ya fito ƙanana, masu kauri, gaɓoɓi kusa da juna. Da rassan suka kai santimita 12 ta riƙa tsinke kawunansu a saman gaɓa, kowane reshe ya fitar da biyu, tukwanen suka cika suka yi dunƙule.

Batun taki bai bar zuciyarta ba, domin shekara goma ta gina lambunta a kansa. Sai ta raba tukwanen biyu-biyu. Biyu ta riƙa ba su narkakken taki duk mako biyu, biyu kuma cikin tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki kawai ta barbaɗa musu a farkon toho. Bayan mako shida masu cin takin sun fi tsayi da kusan santimita 10, ganyensu ya fi faɗi da kore. Ta tsinko daga kowane ɓangare ta ba mutum uku na gidan ba tare da ta gaya musu wanne ne wanne ba. Dukansu suka ce ƙaramin ganyen ya fi cizon harshe. Daga ranar ta daina takin.

A wata na 15, lokacin da zafi ya tsananta iska ta bushe, ta ga ɗige-ɗige farare a ganyen tukunya ɗaya, da siririyar saƙa a ƙarƙashinsa. Ƙananan gizo-gizon nan ne masu tsotsar ganye, waɗanda ke son zafi da ƙura, kuma su ma sun fi yawa a kan masu cin takin. Ba ta sa maganin ƙwari ba tunda ganyen ci ne. Ta yanke rassan da suka fi lalacewa, ta riƙa wanke ƙarƙashin ganyen da ruwa mai ƙarfi da sassafe, duk kwana uku, tana karkata tukunyar don kada ruwan ya taru a gindi. Mako biyu suka ishe ta.

## Wata na 17: girbin farko

Kawunan rassa suka fara ƙulla fure, ƴan dunƙule kore da ba su buɗe ba. Lokacin girbi ke nan, kuma ta dace da shi. Yajin oregano ba irin na barkono ba ne, babu sinadarin kafsaisin a cikinsa. Yana fitowa ne daga wani mai da shukar ke tarawa a cikin ƙananan ƙuraje da ke kan fatar ganye da kofunan fure, waɗanda in an ɗaga ganyen a rana akan hango su suna ƙyalli. Babban abin da ke cikin man shi ne kabakurol, sai ɗan'uwansa taimol. Kabakurol ne ke taɓa jijiyoyin harshe masu jin ɗumi, shi ya sa baki ke jin zafi ba tare da wuta ba. Man yana kai ƙololuwarsa daga ƙulla fure zuwa farkon buɗewarsa.

Ta yi girbin da tsakar rana. Tukwane uku ta yanke rabin tsayinsu, ta huɗun kuma ta aske ta har ƙasa, ba ta bar komai ba sai tsofaffin kara masu itace. Ta wanke rassan a kwano tana cuɗawa, ta baza su a farantin ƙarfe, ta ɗora a kan dandamalin simintin nan cikin rana. Kwana biyu suka bushe ƙarau. Launin ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ƙamshin ya ragu ƙwarai, yajin ya kusa ɓacewa. Abin da ta rubuta a ranar gajere ne: duk unguwar ta ji ƙamshin, kwalbar ce ba ta samu ba.

Haka kuwa abin yake. Man nan mai tashi ne, zafi na kwashe shi zuwa iska. Cuɗawa ta fasa ƙurajen, zafin ƙarfe da rana suka ƙarasa sauran. Tukwane ukun suka yi toho cikin kwana 10. Wadda aka aske sai da ta yi kusan mako biyar kafin ta farfaɗo, gefe ɗaya kuma bai dawo ba, domin tsohon kara mara ganye ba ya saurin fitar da ido.

## Wata na 19: girbi na biyu

Bayan mako takwas tukwane ukun suka sake kai santimita 25. Ta tsayar da ban-ruwa kwana uku kafin girbi. Ana gobe za ta yanka, ta fesa wa ganyen ruwa da safe don ya wanke ƙura tun yana kan uwarsa, ya bushe a can. Washegari da hantsi, bayan raɓa ta kama gabanta kuma kafin rana ta yi zafi, ta yanka da almakashi mai kaifi a saman gaɓa, ta bar santimita 10 masu ganye a kowane reshe.

Ta ɗaure rassan shida-shida da zare, ba ta matse ba, ta rataye su kai ƙasa a wani ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, inda zafi bai wuce digiri 30 ba. A kwana na tara ganyen ya fara karyewa in an taɓa, karan ma yana ɓallewa maimakon lanƙwasa. Launin ya tsaya kore mai toka-toka. Ta zare ganyen daga karan da yatsu biyu, ba ta daka ba, ta zuba a kwalba mai murfi. Kwana uku tana duba jikin kwalbar ko zai yi gumi, bai yi ba, sai ta sa ta a kabad nesa da murhu. Abin da ta samu ya cika kwalbar rabin lita.

Ta murza ɗan kaɗan a tafin hannu ta ɗanɗana. Ya ciji harshe fiye da ɗanyen, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda ruwa ya fita mai ya zauna, shi ya sa cokali ɗaya na busasshe ke tsayawa a madadin uku na ɗanye. Ta ɗebi kaɗan ta kai wa dattijon. Ya murza, ya shinshina, ya ce, "To 'yata, yanzu kin shuka oregano."

A wata na 25, da sabon toho ya fara, ta juye tukwane biyu da saiwa ta cika, ta tsaga kowace gida uku, ta yar da tsakiyar da ta zama itace. Ta ɗaga wata ƴar kunya mai tsayin santimita 25 a gefen dandamalin, ta cuɗa ƙasarta da yashi da tsakuwa, ta dasa huɗu a kai, nesa da inda ruwan latas ke bi. Sun wuce ruwan sama na gaba ba wanda ya yi yaushi.

## Hukunci

A ganina abin da ya fi cin lokaci a wannan lamari shi ne watanni biyar na farko, kuma babu wata dabarar noma da za ta cece su. Yaji a jinin shukar yake. Rana da ƙasa da ruwa suna ƙara shi ko su rage shi, amma ba sa ƙirƙirar sa inda babu. Da ta fara da reshe daga shukar da ta ɗanɗana da bakinta, ko ta nemi ƙunshin da aka rubuta wa hirtum sannan ta tauna ganyen kowane tsiro ta zaɓi masu cizo, da ta tsallake wannan asara. Ban ga laifinta a nan ba, ƙunshin ne bai faɗi abin da ke cikinsa ba.

Mutuwar gindi biyun da aka ba ta kuwa daga hannunta ta fito, kuma ƙwarewarta ce ta jawo. Duk abin da latas ya koya mata, wato ƙasa mai taki, ruwa kullum, ɗan inuwa, yaushi a bi shi da ruwa, gaskiya ne a kan latas. An gaya mata ta rage ruwa, ta kuma rage, amma da ma'aunin latas ta auna ragin. Garin neman ƙiba aka samo rama. Abin da ya warware matsalar ba ƙarin kulawa ba ne, canza abin da take dubawa ne: yatsa a cikin ƙasa maimakon kallon ganye, agogo maimakon zato wajen ƙirga rana, harshen mutum uku maimakon tsayin shuka.

Gwajin takin ƙarami ne, tukwane huɗu da masu ɗanɗano uku, ba zai zama hujja shi kaɗai ba. Na ba shi nauyi ne domin ya zo daidai da abin da masu noman tsirran ƙamshi suka daɗe da sani, cewa yawan naitirojin na ba da ganye mai yawa mai ruwa-ruwa. Haka kuma ba zan ce rana ce kaɗai ta gyara ɗanɗanon a wata na 14 ba, domin komawa dandamalin ya zo da ƙarin zafi da saurin bushewar ƙasa a lokaci guda, ukun tare suka yi aikin.

Shawarar da na fi yaba mata ita ce ta wata na 8, da ta bar ruɓaɓɓen gindi ta yanko rassa tara tun suna da rai. Da ta ƙara kwana uku tana jiran ya farfaɗo, da jinin gaba ɗaya ya fita daga hannunta. Duk oregano mai yaji da ke gidan yau daga rassa huɗun da suka rayu ya fito, kuma tun daga lokacin, duk ƙarshen zafi takan soka rassa shida a kwanon yashi ta ajiye a bakin taga.